Gano sauran magani cikin fitsari da naman bisashe: wane samfur, wace hanya, domin wace tambaya?

Taƙaitawa

Wannan takarda tana bayani bisa hanyoyin da ake bi a gano sauran magungunan bisashe cikin fitsarin dabba da cikin gaɓoɓinta. Muna so mu nuna cewa zaɓen samfur da zaɓen hanyar bincike suna biyo bayan tambayar da doka ke yi: ko maganin halattacce ne da ya wuce iyaka, ko kuwa haramtacce ne da bai kamata a same shi ba sam. Daga nan za mu duba abin da ya fi dacewa da halin kiwo da yanka a ƙasar Nijar.

1. Gabatarwa

Duk maganin da aka yi wa dabba allurarsa, ko aka ɗura mata, ba ya fita jikinta rana guda. Wani sashe yana fita cikin fitsari da kashi da nono, wani kuma yana jimawa cikin hanta, ƙoda, kitse da tsoka. In an yanka dabbar kafin ya gama fita, mai cin nama ya sha magani ke nan ba da saninsa ba.

Illar haka iri huɗu ce. Ta farko ita ce guba kai tsaye, kamar yadda kuloramfenikol kan kashe ɓargon ƙashin wasu mutane har ya daina yin jini, ko da abin da suka ci kaɗan ne. Ta biyu ita ce borin jiki ga wanda jininsa bai karɓi penisilin ba. Ta uku ita ce saba wa ƙwayoyin cuta da antibiyotik, har su kai ga jure shi. Ta huɗu ta shafi sana'a: nonon da ke da penisilin ba ya kama tsami yadda ya kamata, naman da aka samu da saura kuwa ana iya mayar da shi daga iyakar ƙasar da aka kai shi.

Ido ba ya ganin sauran magani, hanci ba ya jin sa. Likitan bisashe da ke duba nama a mahauta yana iya ganin ƙurji ko tsutsar hanta, amma wannan ya fi ƙarfin wuƙarsa. Dole sai da labo.

2. Kalmomi uku da za mu yi aiki da su

2.1. Abin da jiki ke iya ɗauka kullum (DJA). Shi ne yawan maganin da mutum zai iya ci kowace rana tsawon rayuwarsa ba tare da wata illa da aka sani ba. Kwamitin ƙwararru na FAO da OMS, wato JECFA, shi ke tsayar da shi bisa gwaje-gwajen guba.

2.2. Iyakar saura (LMR). Ita ce mafi yawan sauran da doka ta yarda a samu cikin kilo guda na wata gaɓa, ana lissafa ta da mikrogaram. Mikrogaram 1 cikin kilo daidai yake da garam 1 cikin ton 1000 na nama. Hukumar Codex Alimentarius, wadda FAO da OMS suka kafa a 1963, ita ke fitar da waɗannan iyakoki domin kasuwancin duniya.

2.3. Wa'adin jira. Shi ne kwanakin da za a ƙirga daga allurar ƙarshe zuwa ranar da ya halatta a yanka dabbar ko a sha nononta. Shi ke rubuce jikin buteli, kuma cikin ukun nan shi kaɗai ke hannun makiyayi.

Bari mu ga yadda na farko da na biyu suke haɗuwa. JECFA ta daɗe tana lissafi da wani akushi na misali: mutum mai kilo 60 da ke cin garam 300 na tsoka, 100 na hanta, 50 na ƙoda, 50 na kitse, 100 na ƙwai, da lita 1,5 na nono kowace rana. Ga dangin tetarasikilin, DJA mikrogaram 30 ce ga kowane kilo na nauyin jiki, wato 1800 ga mutumin nan. Iyakokin Codex kuwa su ne 200 cikin tsoka, 600 cikin hanta, 1200 cikin ƙoda, 400 cikin ƙwai, 100 cikin nono. In kowace gaɓa ta cika iyakarta, abin da ya ci a yini shi ne 60 + 60 + 60 + 40 + 150, wato mikrogaram 370, kimanin kashi ɗaya cikin biyar na DJA. Wuce iyaka sau guda bai nufin guba nan take. Yana nufin ba a bi ƙa'idar magani ba.

3. Inda magani ke zuwa cikin jiki

Magungunan da ke narkewa cikin ruwa, kamar penisilin, istireptomisin da oksitetarasikilin, ta ƙoda suka fi fita. Saboda haka suna taruwa cikin ƙoda, suna bayyana da yawa cikin fitsari. Waɗanda ke son mai, kamar ibermektin, suna maƙalewa cikin kitse da hanta, suna fita ta matsarmama zuwa kashi. Neman ibermektin cikin fitsari ɓata lokaci ne. Wasu kuma hanta na sauya su kafin su fita, ta yadda wanda ke neman ainihin maganin ba zai ga kome ba. Albendazol misali ne: cikin ƴan awowi ya rikiɗa zuwa wasu sinadarai, kuma su ake aunawa.

Daga nan aka samu abin da ake kira gaɓar da ake nufa, wato wadda magani ya fi daɗewa cikinta. In ita ta sauka ƙasa da iyakarta, sauran gaɓoɓi sun riga ta. Ga iyakokin Codex na wasu magungunan da aka sani wajen shanu, da mikrogaram cikin kilo, a jere tsoka, hanta, ƙoda, nono:

penisilin G: 50, 50, 50, 4
istireptomisin: 600, 600, 1000, 200
albendazol: 100, 5000, 5000, 100
isometamidiyom: 100; 500; 1000; 100
diminazen: 500, 12000, 6000, 150

Na biyun ƙarshe magungunan sammore ne, garken da ke kai wa yankin Gaya ko ke ƙetarawa Benin da Nijeriya ya san su. Bambancin da ke tsakanin 500 da 12000 ya isa ya nuna cewa sakamakon labo da bai faɗi gaɓar da aka auna ba ba shi da ma'ana.

Fitar magani tana bin lissafin rabi-rabi: duk bayan wani ƙayyadadden lokaci, abin da ya rage yana raguwa da rabi. Mu ɗauki misali na lissafi kawai. Ƙoda tana da mikrogaram 9600, iyaka 1200, rabi na fita duk kwana 3. Za a sauko 4800, 2400, 1200: kwana 9 ke nan. In an ninka allura sau biyu, kwana 3 kaɗai za su ƙaru, ya zama 12. Amma in ciwo ya taɓa ƙodar har fitar rabi ta koma kwana 6, wa'adin ya zama kwana 18. Abin lura shi ne, wa'adin da ke jikin buteli an auna shi ne bisa lafiyayyun bisashe, alhali dabbar da aka yi wa allura, ta ƙi tashi, aka hanzarta ta wajen mahauci kada ta yi mushe, ita ce mai raunin ƙoda da hanta.

Akwai kuma wurin allura. Oksitetarasikilin mai dogon aiki, wanda ake yi mililita 1 ga kilo 10, an gina shi ne ya zauna cikin tsoka yana tsiyaya sannu. In aka zuba da yawa wuri guda, wannan yanki na cinya ko wuya zai riƙe magani mai yawa bayan sauran jiki ya tsarkaka.

4. Tambayoyi biyu, samfura biyu

4.1. Magani halattacce: nawa ya rage?

A nan doka tana son adadi, kuma adadin gaɓar da ake ci ne. Fitsari ba shi da LMR. Bayan haka kaurinsa yana sauyawa da shan ruwa: saniyar da ke shan ruwa sau ɗaya cikin kwana biyu da rani, fitsarinta ya fi na saniyar damina kauri nesa, ko da maganin jikinsu ɗaya ne. Ana rage wannan matsala ta auna kireyatinin tare, amma duk da haka ba a yanke hukunci da fitsari. Ƙoda, hanta, tsoka da kitse su ne shaidu.

Fitsari yana da nasa amfani: shi ke bada labari tun dabba na raye. In ya nuna antibiyotik, sai a jinkirta yanka, a sake gwadawa bayan kwanaki, mai dabba bai yi asarar kome ba sai harawa. In kuwa sai bayan fiɗa aka gano, gawa duka ta tafi.

4.2. Magani haramtacce: an yi amfani da shi ko a'a?

Wannan tambaya Turai ta fi fama da ita. A 1980 an samu homon ɗin DES cikin abincin jarirai mai naman maraƙi a Italiya, shekara guda bayan haka Tarayyar Turai ta hana shi. Masu turka suka koma ga kilenbuterol, maganin fuka wanda in an ba da shi da yawa yana ƙara tsoka ya rage kitse. A 1990 mutum 135 suka kamu da makyarkyata da bugun zuciya da ciwon kai a Sipaniya bayan sun ci hantar sa. A 2011, lokacin gasar ƙwallo ta duniya ta ƴan ƙasa da shekara 17 a Meksiko, an samu kilenbuterol cikin 109 daga 208 na fitsarin ƴan wasa da aka gwada, kuma naman da suka ci ne sanadi.

A nan ba a neman adadin da mai ci zai haɗiye. Ana neman shaida, don haka ana zuwa inda alama ta fi yawa ko ta fi daɗewa, ko da ba a cin wurin. Fitsari ya zama samfur na farko, domin ana ɗaukarsa a gona ba tare da sanarwa ba, kuma homon da kilenbuterol suna fita cikinsa da yawa. Rauninsa shi ne gajeren lokaci: an daina bada magani, cikin ƴan kwanaki ko makonni ya share. Hanta ta fi shi riƙo. Tantanin bayan ido da baƙin gashi sun fi su duka, domin kilenbuterol yana manne wa launin da ke cikinsu, ya yi watanni.

Nitorofuran kuwa nasu daban ne. Ainihin maganin yana ɓacewa cikin awowi, amma abin da ya rikiɗa ya zama yana ɗaure da furotin na tsoka makonni. Sai an kwance shi da asid kafin a auna. Ga furazolidon, wannan alama ita ce ake kira AOZ.

5. Hanyoyin bincike

Aikin hawa biyu ne. Hawan farko tankaɗe ne: hanya mai araha da sauri, wadda ke ware samfuran da ake zargi. Hawa na biyu tabbatarwa ce: hanya mai tsada da ke faɗin sunan magani da adadinsa. Ga tankaɗe, kuskuren da aka fi tsoro shi ne sakin mai laifi. Dokar Turai ba ta yarda ya wuce kashi 5 cikin 100 ba. Ga tabbatarwa, kuskuren da aka fi tsoro shi ne kama mara laifi.

5.1. Tankaɗe da ƙwayoyin bakteriya

Ana shuka bakteriya mai saurin jin antibiyotik cikin faranti, a ɗora ɗan yankin nama a kai, a bar shi ya kwana cikin ɗumi. In naman na da magani, da'ira za ta fito kewaye da shi inda kome bai tsiro ba. Gwajin faranti huɗu, wanda Bogaerts da Wolf suka bayyana a 1980, yana aiki da Bacillus subtilis cikin faranti uku masu tsami daban-daban (pH 6, 7,2, 8), da Micrococcus luteus cikin na huɗu. Farantin pH 6 ya fi kama tetarasikilin da penisilin, na 7,2 wanda ake sa wa tirimetopirim yana kama sulfamid, na 8 yana kama dangin istireptomisin. Da'irar da faɗinta ya kai milimita 2 daga gefen nama ana ɗaukar ta abin zargi.

Akwai kuma gwajin ƴar kwalba, kamar Premi Test ga nama da Delvotest ga nono. Ana ɗiga ruwan nama bisa wata bakteriya mai son zafi, a ajiye a digiri 64 kimanin awa 3. In ta tsiro, launi ya juya daga shunayya zuwa rawaya: babu magani. In ya tsaya shunayya, wani abu ya hana ta.

Iyakar wannan hanya biyu ce. Ba ta faɗin sunan magani. Kuma makauniya ce ga duk abin da ba ya kashe bakteriya: diminazen, isometamidiyom, albendazol, ibermektin da homon duk suna wucewa ta gabanta. Ko kuloramfenikol ma ba ta ganinsa a ƙanƙantar da doka ke nema.

5.2. Tankaɗe da antikor

Gwajin ELISA yana aiki da antikor da aka shirya su kama magani guda ko dangi guda, sakamako ya fito da launi. Yana ganin abin da bai kai mikrogaram 1 cikin kilo ba, shi ya sa ya dace da kuloramfenikol da kilenbuterol cikin fitsari. Amma abin da aka sa shi nema kaɗai yake gani, kayansa kuma suna lalacewa in firigo ya tsaya.

5.3. Tabbatarwa

Kafin na'ura ta yi aiki, sai an shirya samfur, kuma nan ne yawancin kuskure ke faruwa. Hanta tana ɗaure homon da wani sukari kafin ta tura shi fitsari. Sai an tsinke ɗaurin da anzim ɗin da ake samu jikin katantanwar Helix pomatia. Tetarasikilin tana riƙe kalsiyom da ƙarafa, don haka ana ciro ta da ruwa mai tsami na pH 4 da aka sa wa EDTA. Bayan haka a tace ruwan cikin ƴar kwaroron da ke riƙe magani ta saki datti.

Sai kuromatogarafi: ana tura ruwan cikin bututu mai cike da gari mai laushi, kowane sinadari ya fito a nasa lokaci. In aka sa masa idon haske, ya isa ga magunguna masu babbar iyaka kamar oksitetarasikilin da diminazen. In aka haɗa shi da ma'aunin nauyin ƙwayoyin sinadari mai hawa biyu (LC-MS/MS), na'urar tana ware ƙwayar maganin, ta fasa ta, ta auna gutsattsarinta. Lokacin fita da nauyin gutsattsari da rabonsu su ne tambarin magani. Da wannan ake auna fiye da magani ɗari cikin samfur guda, da shi kuma ake kai wa mikrogaram 0,15 cikin kilo, matakin da Turai ke ɗaukar hukunci bisa kuloramfenikol tun 2022.

6. Tarkunan fassara

Samun alama ba kullum ne shaidar laifi ba. Ƙoda tana da lizozim wanda shi kansa yana hana bakteriya tsiro, ya bada da'irar ƙarya. Ana kauce masa da tantanin tacewa tsakanin nama da faranti. Zeranol, maganin ƙiba, yana iya bayyana cikin fitsarin dabbar da ta ci masara mai funfuna, domin gubar funfunar Fusarium danginsa ce, kuma jiki na juya ta zuwa gare shi. Nortestosteron yana samuwa haka kawai jikin saniya mai ciki da ingarma. Tiyurasil kan fito fitsarin dabbar da ta ci dangin kabeji.

Rashin alama ma ba kullum ne shaidar tsabta ba. Penisilin yana rushewa cikin ƙodar da ta yini cikin zafi, ƙwayoyin da ke cikin fitsari kuma suna sauya homon. Samfur yana buƙatar sanyi tun daga mahauta, da daskarewa a digiri 20 ƙasa da sifili in zai jira. A raba shi biyu, a liƙe, a ajiye ɗaya domin mai dabba in ya yi musu.

7. Abin da ya dace da Nijar

Tsarin doka yana nan: dokar kiwo mai lamba 2004-048 ta 2004, da ƙa'idodin UEMOA na 2006 waɗanda suka mayar da izinin sayar da maganin bisashe na bai ɗaya ga ƙasashen ƙungiyar. Akwai LABOCEL a Yamai, akwai LACOMEV a makarantar likitan bisashe ta Dakar wanda ke auna ingancin magunguna. Ingancin magani da sauran magani suna tafe tare: butelin da abin cikinsa bai dace da rubutunsa ba, wa'adin jiransa ma ba abin dogaro ne ba.

Bisa abin da ya gabata, muna ganin abubuwa biyar.

Na farko, tambayarmu ta 4.1 ce kafin ta 4.2. Abin da ke hannun makiyayi da mai turka shi ne antibiyotik, maganin tsutsa da na sammore. Kwafe tsarin Turai na farautar homon cikin fitsari zai cinye kuɗi, ya bar ƙofar da ta fi faɗi a buɗe.

Na biyu, ƙoda ita ce samfurin tankaɗe a mahautan Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, da gwajin bakteriya wanda ba ya buƙatar abin da ya wuce akwatin ɗumi da firigo. Wanda aka zarga a tura shi da tsoka da hanta zuwa labon tsakiya. Domin magungunan sammore da na tsutsa kuwa, hanta za a kai kai tsaye ga kuromatogarafi.

Na uku, yawan samfur yana da lissafi. Domin a sami tabbacin kashi 95 cikin 100 na kama aƙalla guda, ana buƙatar samfur 29 in laifin ya shafi dabba 10 cikin 100, 59 in 5 ne, 299 in 1 ne. A ware samfuran da aka ɗauka ba zaɓe, waɗanda ke auna halin ƙasa, da na bisashen da ake zargi: masu tabon allura, da na yankan gaggawa. Haɗa su cikin lissafi guda yana kumbura adadi.

Na huɗu, ragon layya. Ana turke shi watanni, galibi ana yi masa magani domin ya cika, ana yanka shi a gida, kuma hantarsa ake fara ci. Ba ya bi ta mahauta. Fitsari a kasuwa ko a garke shi ne kusan hanyar binciken da ta rage, kuma ko shi ba ya ganin ibermektin. Abin da zai fi aiki shi ne mai turka ya san wa'adi, ya ƙirga baya daga ranar salla.

Na biyar, akwai fili ga ɗalibanmu. Wa'adin yawancin magunguna an auna shi bisa shanu da tumakin wasu ƙasashe. Raƙumi da akuya ba safai ake sa su cikin gwajin ba. Kilishi ma abin dubawa ne: shanya tana fitar da ruwa ta bar magani, gashi yana rage tetarasikilin amma sulfamid da kilenbuterol suna jure wuta. Haka cuku da kindirmo.

8. Kammalawa

Mun ga cewa fitsari yana amsa tambayar ko an ba dabba magani, gaɓoɓi kuma suna amsa tambayar nawa mai ci zai haɗiye. Tankaɗe yana zargi, tabbatarwa ke yanke hukunci. Amma sakamakon da ba a iya mayar da shi ga garken da dabba ta fito ba, gawa guda kaɗai yake tsayarwa. Sa ta kan bi hannun dillalai uku ko huɗu tsakanin rijiya da mahauta, ba wanda ya san ranar allurarta. Ƴar takarda da ma'aikacin kiwo zai rubuta sunan magani da ranar da wa'adi zai cika, ta bi dabbar har wurin yanka, ita za ta ba aikin labo amfaninsa.